Gyaran Muryar Ɗan Fari

Waɗanda ke tsakar gidanmu na Unguwar Sarki ran nan su ne ni, da ƙanwata, da ƙanin mijina tela, da maƙwabcinmu akawu wanda ya kawo garmahonsa na sa faifai, sai baƙon da ya zo daga Ikko da akwatin ɗana. Kwana arba'in ke nan da rasuwarsa.

Ɗan fari ne. Mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama inda yake magana. Shekara ashirin da bakwai "yaron nan" nake ce masa. Da ya bar aikin jirgin ƙasa ya bi makaɗa ma ban ce masa uffan ba, baffansa na tura ya yi faɗan.

Baƙon makaɗi ne. Ya ce su uku suke wani kiɗa wai jaz, shi a ganga, ɗaya a fiyano, ɗaya da ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa. A wani bikin kaɗe-kaɗe suka gayyaci ɗana ya yi musu waƙa, aka ɗauka a faifai. Ya ciro faifan daga akwatin.

"Mama, shi ke nan guda ɗaya," in ji baƙon, "kuma mai laushi ne, allura tana cinsa."

Akawu ya wana garmaho. Na ji tafin jama'a, wani ya yi tari, sai gyaran murya. Irin wanda ɗana yake yi a zaure kafin ya shigo, don in samu in kauce. Kafin in ankara ina madafa, ina gyara itacen da ba abin da ya same shi.

Ƙanwata ta biyo ni. "Yaya, yau ma? Kunyar wa kuma ta rage?"

"Koma ki zauna, ba a barin baƙo."

"Ya yi magana da Hausa kafin waƙar. Da ke yake."

"Me ya ce?"

"Ai kina da kunne."

Ban koma ba. Bayan la'asar akawu ya ɗauki kayansa. Ina jin baƙon yana gaya wa baffan cewa sau ɗaya ko biyu ya rage wa faifan.

Washegari da sassafe na naɗe faifan a mayafi, na shiga gidan akawu kafin ya fita ofis. Na ce, "Malam, sa mini." Matarsa ta ba ni kujera, ta ja ƙofa. Da gyaran muryar ya zo na riƙe kujerar da hannu biyu. Ta cikin ƙarar allura na ji ya ce, "Wannan ta Inna ce. Na san daga madafa za ta ji."

Na ce, "Ga ni nan zaune." Sannan na kira sunansa, akawu da matarsa suna ji.