Kunnen Inna

Ina ƙarama unguwar Sabo ba ta wuce 'yan layuka ba, don ba a daɗe da yanka wa Hausawan Badun ita ba. Innarmu tana cikin kulle tana tuyar ƙosai, ni ke kai talla. Dokarta ɗaya ce, bakina kada ya huta. Sauran yara su yi kira biyu su zauna carafke, ni kuwa in yi ta kwarara "A sayi ƙosai!" har bakin hanyar Mokola, Yarabawa suna kwaikwayona. Da yake Allah ya hore mini maƙogwaro, daɗin abin nake ji. Ashe da kunne take bi na, tana gaban kasko ta san layin da nake.

Wata rana da hantsi, wani cikin fataken shanun da suka sauka gidan maƙwabcinmu ya ce in shigo masa da farantin ɗaki, zai saye duka. Na shiga ina murna. Ya saki asabari, ya riƙe mini hannu, riƙon da ban so ba. Muryata ta maƙale.

Sai ga Inna, matar da ba a taɓa gani a titi da rana ba, ko mayafi babu, matsami a hannunta yana ɗigar mai. Ta ja ni muka fito. Kafin azahar mai masauki ya ɗaure wa bafataken kayansa, ya sallame shi.

Unguwa ta sha surutu, wai matar malam ta fita ba lulluɓi. Malam ɗin, wato Babanmu, ya ce a ƙyale masa matarsa, kullen nasa ne kuma ya yafe. Washegari na koma talla, muryata har ta fi ta da.

Sai da na yi 'ya'yan kaina, ina yi wa Inna tsifa, na tsokane ta da wannan gudun. Ta yi dariya sosai, sannan ta ce ita ma a gidan riƙo ta tashi, can Arewa, ita ma an taɓa kiranta ɗaki. Shi ya sa har tsufanta ba ta iya barci a bayan rufaffiyar ƙofa.

"Ni ranar da na yi shiru," in ji ta, "gida cike da mutane, ba wanda ya taso."

Tausayinta ya kama ni. Na ci gaba da tsifa a hankali, na ƙi bari ta juyo ta ga idona.