Tukunyar Gas a Ramin Fadama

Ana sallame sallar asuba muka bar Ikara, ni da ɗan ƙanwata. Shekara huɗu ke nan yana koyon aikin gas a hannuna. Jarrabawar gwajin sana'a ta matso, kuma ba za a karɓe shi ba sai da takardar shaida daga ubangidansa. Takardar tana aljihunsa, an rubuta komai, saura gurbin da zan dangwala yatsa, don ni ban yi boko ba. Na ce ba zan dangwala ba sai na ga aikin da ya yi shi kaɗai, ba wanda nake tsaye a kansa ba. Ya ce akwai biyu: ɗaya a Maƙarfi, ɗaya a wata fadama bayan Hunkuyi. Na ce mu je.

Kuɗin mota ya ƙaru, motar kuwa tana nan yadda na san ta, ƙofa sai an ɗaure da igiya. Mu huɗu a kujerar mutum uku, kwandunan tumatir a baya suna ɗiga. Wata mata ta zo da tukunyar gas, direba ya kwantar da ita a ƙarƙashin ƙafafunmu. Na ce a tsayar da ita, a sauke gilashi. Wani mai jar hula ya ce, "Baba, kai da ka ci zamaninka, tsoron mutuwa kake?" Aka yi dariya. Na ɗauki tukunyar na tsayar da ita tsakanin gwiwoyina, haka na riƙe ta har Maƙarfi.

Maƙarfi ko'ina rake, an jingina shi dami-dami a bakin titi. Aikin farko na wani mai shayi ne kusa da tasha. Tukunyar gas ɗin tana waje a inuwa, a tsaye. Tiyon na gas ne, an matse shi da kilif baki biyu. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a kan regileta, wato abin da ke daidaita fitar gas, da duk mahaɗa, ban ga kumfa ko ɗaya ba. Wuta shuɗiya, gindin tukunyar shayi ba baƙi. Raina ya yi fari. Mai shayin ya ba mu shayi kyauta. Da na kurɓa na gane dalilin kyautar.

Daga nan muka hau acaɓa. Hanyar rabi kwalta rabi rami, ƙanshin mazarƙwaila yana tasowa daga inda ake dafa ruwan rake. A Hunkuyi muka ci ƙosai, ƙanana ƙwarai, farashin manya. Hantsi ya dubi ludayi muka isa fadamar.

Mai gonar dattijo ne, ya girme ni. Muka durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali da gajiya da mutanen Ikara. Tun da fetur ya yi tsada, manoman wajen suka koma juya injin ban ruwa zuwa gas, kuma ɗan ƙanwata ne ya juya masa nasa. Ruwa ya ja baya bana, sai suka haƙa rami ya kai ƙirjin mutum, suka saukar da injin ciki don ya iya janyowa.

Kafin in kai bakin ramin hancina ya gaya mini. Tukunyar tana ƙasa, a kwance, kusa da salansar inji, an rufa mata buhu. Tiyon na ruwa ne, an ɗaure shi da robar tsohon tayar keke.

Na ce kowa ya ja baya, kada wanda ya taɓa inji, kada wanda ya ƙyasta komai. Na sauka na rufe kan tukunyar, muka jawo ta sama da igiya. Muka fifita ramin da tabarma, muka jira. Bayan nan na buɗe ta kaɗan a fili na shafa sabulu. Kumfa baki biyu.

"Wa ya sa ta a rami?"

"Kawu, mai gonar ne ya ce a sama rana za ta dafa ta, ga ɓarayi."

"Tiyon fa?"

"Ya ce na gas ya yi tsada."

Dattijon ya sa baki. "Malam, wata biyu ke nan ba abin da ya faru. Allah ne ke tsarewa."

Na ce, "Allah ne. Shi ne ma ya ba ka hanci."

Ku masu koyo, ku ji. Gas ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake gangarawa, ya kwanta a rami kamar ruwa ya jira. In ka kwantar da tukunya, ruwan gas ne ke shiga regileta. Tiyon ruwa kuwa gas cin sa yake yi a hankali. Wannan dattijo kullum da safe shi ke sauka ramin ya ja igiyar inji. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ubangidana a ɗakin ajiya mai zurfin daɓe gas ya kama da wuta, ya mutu. Ni ina bakin ƙofa, na fita da rabin fatar bayana.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron ya san duk wannan. Ka tashe shi daga barci zai karanto maka shi tiryan-tiryan. Mai gonar ya ɗaure fuska kawai, yaron ya bi.

Na ciro tiyon gas da kilif daga jakata, na sa shi ya sake aikin a gabana. Muka tsayar da tukunyar a sama, gindin mangwaro, muka ɗaure ta da sarƙa. Da muka gama ya fito da takardar.

"Kawu, ai an gyara."

"Ni na gyara. Mayar da ita aljihu. Sai baɗi."

Bayan la'asar muka koma Ikara. Uwarsa ta zo washegari, ko zama ba ta yi ba. "Yaya, ɗanka ne fa. Yana da mata, ga ciki." Na ce dattijon ma yana da mata. Ta fita, har yau ba ta sake gaishe ni ba.

Kwana uku na ji wani mai sana'armu a gari ya sa wa yaron hannu, bai taka ko'ina ba. Zai zauna jarrabawar, kuma zai ci, don bakinsa ya iya amsa.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Na shekara huɗu ina koya masa tiyo da regileta, ban koya masa yadda zai kalli wanda ya girme shi ya ce ba zan yi ba, ya ɗauki jakarsa ya tafi ba. Wannan laifina ne, kuma ba a tambayarsa a jarrabawa.

Jiya wani mai kai tumatir ya biyo ta fadamar. Ya ce sarƙar tana gindin mangwaro, tukunyar ta koma rami.