Awakin Inna a daminar takaba

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun tamanin, mahaifina ya rasu a farkon damina. Gidanmu yana Kusfa, bayan katanga akwai kango inda awakin mahaifiyata suke kiwo. Ba su da wani yawa, amma dukkansu zuriyar akuyar da ta zo da ita daga gidansu ce. Ta san halin kowacce kamar ita ta haife ta.

Wanda ya tashi a cikin birni ya sani, da zarar shuka ta fito mai shela zai zaga: kowa ya ɗaure dabbarsa, wadda aka kama a gonar wani sai gidan mai unguwa. Mahaifina ke wannan hidimar, kuma yana da tsarinsa. Zai kafa turke a gefe ɗaya na kangon, su ci iya tsawon igiya, sannan ya tumɓuke ya matsa gaba. Kafin ya zagayo, ciyawar farko ta sake tofowa. To ga shi ba ya nan, Inna kuma tana takaba, ko zaure ba ta leƙawa.

Bayan an watse daga zaman makoki sai Baffa, yayan mahaifina, ya shigo ya ce, "A sayar da su kowa ya huta. Wa zai kula da su?"

Na ga yadda Inna ta damƙe carbinta. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni: "Ni."

Baffa ya yi dariya, kuma da gaskiyarsa. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tukur-Tukur, in ban da alli ban san riƙon komai ba. Ranar farko uwar garken ta ja ni sai da na durƙusa a taɓo. Turken da na kafa kuwa, ko ɗan akuya ya yi atishawa sai ya faɗi. Da na fara fita yankan ƙarin ciyawa a gindin ganuwa, ɗalibaina suka gan ni da dami a ka, shi ke nan na zama Malama mai awaki. Matan unguwa suka ce 'yar gidan malamai ta zubar da girman gida. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma kullum suka faɗa sai in ƙara girman damin.

Wata safiya ina matsar da turke sai ga Baffa da dillali, har dillalin ya fara taɓa ƙugun uwar garken. Na durƙusa na gaida Baffa yadda ya kamata, sannan na naɗe igiyar a hannuna.

"Ke, saki igiyar nan."

"Baffa, Allah ya huci zuciyarka, ba zan saki ba. Awakin Inna ne, ba sa cikin gado. A zaurenka na ji kana karantar da cewa dukiyar mace tata ce."

Na ƙara riƙe igiyar. Dillalin ya gyara hula ya ce yana da uzuri a kasuwa. Baffa ya daina amsa gaisuwata har kaka, ni kuma ban fasa gaishe shi ba ko sau ɗaya.

Ranar da Inna ta fita takaba, ana jiran ta je gaishe-gaishen dangi, sai ta zarce kango. Ta tsaya tana bin ramukan turke da ido, sun zagaye wurin daidai yadda mahaifina yake yi. Ta goge ido da gefen mayafi, ta karɓi igiyar daga hannuna ta ce, "Wannan ɗauri naki, ko kaza ba zai riƙe ba." Sai ta kwance ta sake ɗaurewa.

Har yau in na ji ana cewa a raba mace da abinta don a sauƙaƙa mata, raina ɓaci yake yi. An riga an ɗauke mata miji, ban ga dalilin da za a bar ta ta fito ta tarar da kango babu kowa ba. Tsofaffin ɗalibaina, wasu har da furfura, suna kirana Malama mai awaki, kuma da ƙarfi nake amsawa.