Tofin Alhaji Mamman

Ban taɓa mantawa da ranar da aka sa mini albarka na koma gida a tsorace ba. Shekarar da korona ta shigo ce, ana cikin azumi. Ku sababbin ɗauka labari kawai kuka ji. Ni a lokacin ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaji ne a nan Lafiya, aka sa ni cikin masu bin gidaje ɗaukar samfur, wato mu zura ɗan tsinke mai auduga a hancin mara lafiya, mu rufe a kwalba a aika gwaji. Shugabarmu Madam Rifkatu ce, mace mai faɗa, amma faɗanta ya yi mana rana.

Ƙa'idar a bayyane take. Ka sa farar rigar nan mai rufe jiki duka, da safar hannu da takunkumi da gilashi. In ka fito a fesa maka magani a ƙofar gida, ka cire kayan ɗaya bayan ɗaya, ka wanke hannu. Daga nan kada ka yarda wani ɗan gidan ya matso kusa da kai.

Unguwar Akurba aka tura mu, gidan Alhaji Mamman, dattijon ɗan kasuwa da ya dawo daga tafiya da tari da zazzaɓi. Na ɗauki samfur na fito na tuɓe, gumi kamar an tsamo ni daga rijiya. Ina cikin wanke hannu na ji an dafa kafaɗata. Alhaji ne ya fito rakiya, don a wurinsa baƙo ba ya tafiya haka kawai.

"Ashe ma yaro ne! Ɗana, kowa ya guje ni, kai ka shigo ɗakina. Tsaya."

Ya riƙe kaina da hannu biyu, ya yi addu'a, ya tofa mini a fuska. Kafin in ankara na durƙusa, bakina ya ce amin. Sai Madam ta kwarma ihu daga mota da Hausarta ta bariki:

"Sule! Baban nan ya tofa maka don fuska? Wayyo! Kar ka shigo mota tukuna, wanke fes da sabulu!"

Wallahi ba kaina na tuna ba. Inna na tuna, mahaifiyata, mai ciwon suga da hawan jini, wadda kullum kwano ɗaya muke buɗa-baki da ita a gidanmu na Azuba. Madam ta ce in killace kaina, na shige shagon ƙofar gida na kulle. Da magariba Inna ta taho da kunu. Na ce ta ajiye ta koma, ta ƙi. Na daka mata tsawa. Tunda ta haife ni ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ajiye kofin a ƙasa ta juya, ni kuwa na zauna ina kuka.

Sakamakon Alhaji ya fito, yana da korona. Daga nan kullum da safe sai na shinshina sabulu in ji ko hancina yana aiki. In Inna ta yi tari a cikin gida, sai in miƙe in kasa kunne. Ana haka aka ce Alhaji ya rasu a wurin killacewa.

Nawa gwajin ya fito ba ni da komai. Madam ta ce na auna arziki. Inna ta ce addu'ar bawan Allahn ce ta kama ni. Ban yi musu da ko ɗaya ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikin nan mai jifanku da dutse ba shi ne abin tsoro ba, shi kuna ganinsa. Mai ƙaunarku ne zai zo ta baya. Kuma mutanenmu ba a hana su sa albarka. Shi ya sa har yau, in aka tura ni gidan mai cuta mai yaɗuwa, ba na fita sai na durƙusa da kayana a jiki na ce, "Baba, yi mini addu'ar yanzu, tun ban cire ba."