Mang Dudung da Sandar Jan Ƙarfen Bayan Gidana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran Mang Dudung, mai gyaran wutar ƙauyenmu a gefen garin Bogor, bayan jinyar sati biyu.

Mang Dudung, yau zan faɗi abin da girman kai ya hana ni faɗa maka kana raye.

Lokacin da ka ja mini wuta zuwa rumfar tafkin kifina a bayan gida, rabin yini ka ɓata kana buga sandar jan ƙarfe cikin ƙasa. Ka ɗaura mata waya mai kore da rawaya, ka haɗa ta da jikin injin ruwa, da kwanon rumfa, har da ƙofar ƙarfe. Na yi ta mita, don ni a ganina wayar da ba ta kunna ƙwan lantarki ba ta da amfani.

Ka ce mini, "Ceu Iyam, in wuta ta ɓalle, ƙasa take nema. In ba ki ba ta hanya ba, ta ƙafarki za ta bi. Ku kuwa ba kwa sa takalmi."

Kana juya baya na mayar da sandar turken akuya. Akuya ta fizge wayar. Da ka biyo shan kofi ka gani, ban taɓa jin ka yi faɗa irin na ranar ba. Ka mayar da ita, ka rufe da siminti, ka tafi ka bar kofin ya huce. Sati guda ban gaishe ka ba.

Da damina ta yi tsakiya, ruwa ya shiga injin. 'Yata Euis tana cikin tafki har gwiwa, tana kwasar tarwaɗa, hannunta ɗaya a kan bututun ƙarfen injin. Wuta ta katse kanta nan take. Ni kuwa na aika maka cikin fushi, wai aikinka ya lalace. Ka zo ka buɗe injin, ka dubi Euis, ka zauna a ƙasa. Na gane sandar nan ce ta ceci ranta, amma bakina ya ƙi cewa na gode.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Ceu Enok matarka da yaranka, Allah ya ba su haƙuri.

Na gode, Mang Dudung. Shinkafar sadakar bakwai ɗinka, Euis ce ta dafa.