Telan Mishan da Rigunan Sanyi

Da mijinta ya rasu, telan mishan ne ya rage wandunan marigayin suka yi wa ɗanta daidai, har ya bar lanƙwasa a ƙafar wandunan. "Yaro kamar masara yake, Mama," in ji shi, "kafin ki juya ya tashi."

A ɗakinsa na bayan coci yake gyara kayan da ake aiko wa talakawa. Bana yana ɗinka rigunan sanyi na ɗalibai masu koyon aikin fasto da za a tura karatu waje, amma idonsa ya raunana, yana tsoron a karɓe masa aikin.

Bayan sujada ya tare ta, ya sassauta murya: "Mama, ki riƙa biyowa da safe kina zura min zare a allura. Sauran aikin kuwa, hannuna ya san shi."