Gishirin Miyar Haboba

Shekarun baya, a layinmu na unguwar Hajj Yusuf da ke Khartum, la'asar ba ta cika sai an ji ƙamshin albasa tana soyuwa daga gidan Haboba. Aminiyar kakata ce, tsohuwa mai tsafta, tob ɗinta, lulluɓin nan na matan Sudan, kullum a goge. Ta daɗe tana sayar da soyayyiyar gyaɗa a tashar mota, har ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce, "Alhamdu lillahi, asiri a rufe."

Ni na san abin da ke cikin tukunyar. Wata rana da aka aike ni na tarar tana salla, na ɗaga murfin. Albasa ɗaya ce da ɗigon mai, ba komai bayanta. Ƙamshi kawai take dafa wa maƙwabta. Matan layi ma sun sani, kuma suna da hanyarsu. Mahaifiyata takan zuba miya da kisra, wainar dawa mai faɗi, a kwano, ta ce in je Haboba ta ɗanɗana mana, kamar gishiri ya yi yawa. Haboba ta karɓa tana faɗa: "Uwarki har yau ba ta iya girki ba." Kwano ya dawo a wanke, shi ke nan.

Wata shekara aka kawo sabon fasto ƙaramin cocin da ke ƙarshen layi. Saurayi ne daga duwatsun Nuba, bai daɗe da gama karatu ba, mai saurin tafiya kamar ana jiran sa a wani wuri. Shi ke koyar da mutanensu addini, shi kuma aka ɗora wa kula da mabukata. Yakan ce yunwa ba ta tambayar inda mutum yake ibada. Mahaifina ya yaba da shi tun ranar da ya zo mana ta'aziyya ya zauna a tabarma kamar kowa.

Ni a lokacin ina shekara ta biyu a jami'a a Khartum, kaina cike da waƙoƙi da burin gyara duniya. Wata safiya muka haɗu wurin jiran mota.

"Ya ustaza," ya ce, "ni baƙo ne, ku kuka san gidajenku. Wa ke kwana da yunwa a layin nan ba ya faɗa?"

Ustazar nan ta fasa mini kai. Na ba shi labarin Haboba, har da albasar. Na tsara maganar kamar ina karanta waƙa, kuma da na ga idonsa ya cika sai na ji daɗin kaina.

Ranar Asabar da hantsi raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofar Haboba. Ga fasto, ga matan coci huɗu, ga buhun gari da galan na mai da sukari. Layi kaf ya fito kallo. Da Haboba ta leƙo, ya ɗaga murya, fuskarsa fal murna:

"Ya Hajja, mun ji halin da kike ciki. Daga yau ba za ki ƙara kwana da yunwa ba."

Ta gyara tob ɗinta a hankali. Ta dubi mutanen layi ɗaya bayan ɗaya kafin ta dube shi.

"Ya waladi, ɗana, wa ya ce maka ina jin yunwa?"

Ina tsaye a jikin randar ƙofar gidanmu. Idonsa ya biyo ta kaina, bai tsaya ba.

"Ba kowa, ya Hajja. Kuskurena ne."

"To kai wa masu bukata. Nan yanzu aka sauke tukunya."

Ta rufe ƙofa.

Kafin magariba wasu har sun ce ita ta je coci roƙo. Washegari mahaifiyata ta ba ni kwano kamar kullum. Haboba ko murfin ba ta buɗe ba. Ta ce, "Ki ce wa uwarki gishirin ya yi daidai." Na dawo da shi da zafinsa. Ƙamshin albasa ya ɗauke daga layinmu. Kafin azumi ta tattara kayanta ta koma Omdurman wurin ɗan wani ɗan'uwanta, ta bar gidan da ta shekara arba'in a ciki.

Fasto ya sha kallo a ragowar shekarar. Masu amsa gaisuwarsa suka ragu, mahaifina ma sai dai ya ɗaga masa hannu daga nesa. Mahaifiyata tana tsintar shinkafa ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya kai maganar nan." Ina gefenta, hannuna cikin faranti ɗaya da nata, na ci gaba da tsinta. Na canja wurin jiran mota don kada mu haɗu da shi.

Shi baƙo ne, bai san zancen gishiri ba. Ni a cikinsa na tashi, ni ke ɗaukar kwanon. Abin da mata suka yi shekaru suna lulluɓewa, na yaye shi a tsayuwar jiran mota don a ce na iya magana. Har yau in ana soya albasa da la'asar, sai na ji kamar ina jikin randar nan.

Sai bayan yaƙi ya watsa mu, muna zaune a Gadarif, na iya faɗa wa mahaifiyata gaskiya. Sai ta ce mini mako guda bayan abin, fasto ya zo mata shi kaɗai, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ya Hajja, koya mini yadda kuke yi." Garin da ta riƙa kai wa Haboba Omdurman duk wata, tana cewa na gonar dangi ne ta duba mata ko da ƙwari, nasa ne, har Allah ya karɓi ran Haboba.

"Sau uku na tambaye shi wa ya faɗa masa," in ji ta. "Duk sau ukun cewa ya yi ya manta."